Bakayi a Ohayo, gawo a gonarmu

Kakar farko da na yi a Kolumbus, babban birnin jihar Ohayo a Amurka, na tsinci wata ƙwara a gindin bishiyar bakin layinmu. Ruwan ƙasa ce mai sheƙi kamar an shafa mata mai, ba ta kai goro girma ba, da ɗan tabo fari-fari a gefe guda. Ina jujjuya ta a hannu sai maƙwabciyata, wata dattijuwa da ke sharar ganye, ta ɗaga murya ta ce kada in kuskura in kai baki, guba ce. Ita ce bakayi. Ma'anar sunan idon barewa, kuma in ka dubi tabon nan ka san wanda ya raɗa sunan ya taɓa kallon barewa ido da ido.

Ba ƙwarar kaɗai ba, ganyen ma guba ne, yana cutar da shanu da dawaki. In ka murje shi wari yake. Amma tun 1953 ita ce bishiyar jihar a hukumance, mutanen Ohayo da sunanta suke kiran kansu. A babbar jami'ar jihar akwai wani fili da tun 1934 ake dasa bakayi ɗaya da sunan duk ɗan ƙwallonsu da ya shiga sahun gwanayen ƙasa. Har alewa suke yi da man gyaɗa da cakulan mai kamar ƙwarar. Da mahaifina na raye, Allah Ya jiƙansa, tambaya ɗaya zai yi: me take bayarwa? Ba miya, ba magani a hannun talaka, ba harawa.

Duk da haka na shuka ta, kuma a nan na koyi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ƙwarar ba ta son bushewa, in ta kwana biyu a kan tebur ta tashi aiki. Ba ta kuma tsirowa sai ta sha sanyi na wajen wata huɗu, don haka ko dai ka binne ta tun da kaka ka bar ƙanƙara ta yi aikinta, ko ka sa ta cikin yashi mai danshi a leda ka ajiye a firji. Na binne biyar a bayan gida a watan Oktoba. Kurege ya tone uku kafin dattijuwar ta ba ni guntuwar ragar waya in rufe sauran. Ɗaya ce ta fito a Afrilu, da ganye mai yatsu biyar kamar tafin hannu a buɗe. Saiwarta miƙewa take ƙasa tun da wuri, shi ya sa ba ta son a cire ta a sauya mata wuri. Tana son inuwa-inuwa da ƙasa mai danshi. Shekara uku ina bin ta da bokiti duk mako in zafi ya tsananta, ina zuba ɓarzajjen itace a gindinta don ya riƙe laima. Fure kuwa sai an yi haƙuri na shekaru, sannan a ga gungu-gungu masu ruwan ɗorawa da kore-kore a tsaye kan reshe kamar zangarniya.

A watan Agusta na shekara ta biyu ganyenta ya ƙone daga baki-baki, ya zube kaf alhali sauran bishiyoyi na kore shar. Raina ya ɓaci sosai. Dattijuwar ta zo ta kankare reshen da farce, ta nuna mini kore a ciki, ta ce halinta ke nan: ita ke riga kowa fitar da ganye, ita ke riga kowa zubarwa.

Nan take gawon gonarmu a ƙasar Katsina ya faɗo mini a rai. Shi ma ba ya bin sahun 'yan'uwansa. Damina na sauka ya zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki. Rani na yi ya yi kore, ya zubo wa tumaki 'ya'ya lokacin da babu ko tsinke a fili. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na nesa kauri. Ga kuka, ga tsamiya, ga ɗorawa da kaɗanya, kowacce da abin da take sa wa a tukunya. Wace cikinsu muka taɓa yi wa shinge? Mafi yawansu Allah Ya shuka, kakanni suka bar su, mu muka tarar.

Ra'ayina shi ne matsalarmu ba ta dashe ba ce, ta reno ce. Duk damina ana bikin dashen itatuwa, manya su zo da babbar riga, a ɗauki hoto, a watse. Kafin kaka akuya ta gama da rabi, rani ya ƙarasa sauran. Ba wanda aka ce wannan taka ce, kai za a tambaya in ta mutu. A nan kuwa bishiyar da ba ta ciyar da kowa tana da mai ita.

Na san za a ce mini mutumin Ohayo da gas yake girki, ba ya saran itace don a dafa tuwo, ruwa kuma a famfo yake. Gaskiya ne, kuma ba na ganin laifin matar da ta sayi gawayi don kalanzir ya fi ƙarfinta. Amma talauci bai hana manoman Maraɗi da Damagaram ba. Tun wajen 1983 suka kama abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a ƙone kututture a share gona tas, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kansa, a datse sauran, a tsare su daga dabba da gatari. Ba injin ban ruwa, ba dashe. Da haka suka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Tsakaninmu da su tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya.

Makon jiya na kira ƙanena da ke kula da gonar. Na tambaye shi gawo nawa suka rage, ya ce huɗu, a da goma sha ɗaya ne.

"Yaya, akwai ƙanana da ke fitowa ta gabas, amma masu huɗa nome su suke yi."

Na ce ya ƙirga su kafin a sa garma bana, ya kafa wa kowanne turke, ya zagaye shi da ƙaya. Kuɗin aikin na tura masa. Jiya ya aiko mini da hotonsu, guda tara, mafi tsayinsu bai wuce gwiwa ba.