Yadda na kwana ina kwashe kaya daga gajimare ana saura kwana uku sallah

Wallahi duk wanda ya ce maka imel ɗin da ba ka buɗe ba ba zai cuce ka ba, ka turo shi wajena mu yi magana.

Tun 2021 na haɗa wa kawuna wata 'yar manhaja ta shagonsa na shadda da atamfa a Kantin Kwari, ana shigar da kayan da suka shigo da waɗanda suka fita da masu cin bashi. Bayanan duk na zuba su a PostgreSQL 11, wata manhajar adana bayanai, a kan Azure, wato kwamfutocin Microsoft da ake haya ta intanet waɗanda ake ce wa gajimare, a wani tsari da ake kira Single Server. Da na yi masa bayani cewa lissafinsa yanzu yana gajimare sai ya ɗaga kai ya kalli sama ya ce to Allah Ya sa kar damina ta jiƙa shi.

Mutanen Microsoft sun yi iya yinsu, gaskiya ɗaya ce. Saƙo bayan saƙo suna cewa ranar 28 ga Maris 2025 za su yi ritayar Single Server, kowa ya tattara ya koma sabon tsarinsu Flexible Server, ni kuwa da na ga kan saƙon sai in share kamar tallan bashin waya. Sai daren Alhamis 27 ga wata, na dawo daga asham cikina cike da kunun gyaɗa, tsautsayi ya sa na buɗe ɗaya. Gobe! Ga shi goman ƙarshe na azumi, lokacin da Kwari ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba, na hango kawu yana neman sunan masu bashi babu, na hango taron dangi a kaina ranar sallah.

Na jawo laftof na kunna hotsifot, aka ɗauke wuta. Na ce ba komai. Na buɗe sabuwar saba, wato kwamfutar da za ta riƙe bayanan, na zo zan kwaso bayanai da pg_dump, manhajar kwafe su, sai tsohuwar sabar ta ce ba ta san ni ba, dole sai na sa lambar IP ɗina, wato adireshina na intanet, a jerin waɗanda aka yarda su shigo. Na sa. Netwok ya yi ƙasa na kashe data na kunna, lambar ta canza, na sake sawa, ta sake canzawa, haka muka yi ta wasan ɓuya har wajen ɗaya na dare sauro na ta shagali a ƙafata.

Da ƙyar kaya suka sauko na loda su a sabon gida, sai manhaja ta ƙi shiga. Na canza kalmar sirri sau huɗu, na yi istigfari, na zargi ƙanena da taɓa min laftof alhali yaron yana barci tun goma. Ashe a tsohon tsari sunan mai shiga sai ka liƙa masa @ da sunan saba, sabon kuwa sunan kawai yake so tsurarsa. 'Yar alamar nan mai kama da dodon koɗi ita ta cinye min awa biyu. Ina goge ta komai ya buɗe, daidai lokacin da Umma ke buga ƙofa wai in fito sahur.

Da hantsi na isa shago idanu jajir ina tafiya kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Na ce kawu ai jiya Allah ne Ya kiyaye, da lissafinka ya tafi.

Ya ce wane lissafi?

Na ce na gajimare mana.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ɗan nan ai tun da wayar yaron shago ta faɗa ruwa bara waccan muka koma littafi. Na duba a wayata, shigarwa ta ƙarshe Yuli 2023, kuma duk watan duniya ana cirar dala a katina.

Sai ya jawo littafin mai baƙin bango ya lashi yatsa ya fara buɗawa. Ya ce tun da ka zo ma, ga sunanka nan, shadda yadi biyar ta sallar bara. Ita ce kaɗai bashin da ban taɓa shigarwa a manhajar ba.