"Me" ba kuskure ba ce a Turanci

Masu koyon Turanci da yawa sun ɗauka "I" ta fi "me" daraja, sai su riƙa cewa "between you and I" ko "She called Mary and I". Duka biyun kuskure ne. Idan wakilin suna karɓau ne, wato aikin ya faɗa a kansa, ana amfani da me, him, her, us, them. Haka ma bayan to, for, with da between.

Gwajin mai sauƙi ne: cire sunan ɗayan mutumin. Ba wanda zai ce "She called I", saboda haka "Mary and me" ne daidai. Yawan gyara "Me and Mary went" zuwa "Mary and I went" a aji ne ya sa ɗalibai tsoron "me" ko'ina. You da it kuwa ba sa canzawa.