Baƙon da Girkawa suka ɗora a dandali, kansu suke kallo a jikinsa

A shekarar 472 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shekara takwas kacal bayan Girkawa sun ragargaza jiragen ruwan Farisa a mashigin Salamis, mutanen birnin Atina suka taru a bikin Diyonisos, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, domin kallon wasan kwaikwayo. Marubucin wasan, Eskilos, tsohon soja ne, da shi aka gwabza da Farisawa a Maraton a 490, can ma aka kashe ɗan'uwansa. Mutum irin wannan ai sai ka zaci kirari zai zo ya yi wa jaruman garinsu, amma ina, wasan nasa mai suna Farisawa gaba ɗaya a Susa ya kafa shi, fadar abokan gaba, babu Bagirke ko ɗaya a dandalin, ko sunan jarumin Girka guda ba a ambata ba. Uwar sarki ce, Atosa, da dattawan fada suna zaman jiran labarin yaƙi, manzo ya iso da mummunan labari, a ƙarshe sarki Zaksis ya shigo da yagaggun tufafi ana ta kuka.

Da yawa suna cewa wannan tausayin abokin gaba ne, kuma wallahi akwai tausayin, duk wanda ya karanta jerin sunayen matattun nan sai jikinsa ya yi sanyi. Sai dai ni a ganina ba don Bafarishe aka yi wasan ba. Duba inda Atosa ta tambayi dattawanta wai su mutanen Atinan nan wa ke mulkinsu, suka ce mata su ba bayin kowa ba ne, ba talakawan kowa ba ne. Wa ke son jin wannan magana? Masu kallo mana. An ara bakin baƙo ne aka yabi kai da shi, aka nuna shi yana faɗuwa ƙasa gaban sarki, ga zinari ga ƙawa ga yawan koke-koke, domin ɗan Atina ya duba ya ce to ni dai ba haka nake ba.

Ita kanta kalmar da suke kiran baƙi da ita, barbaros, asalinta kwaikwayon magana ce, wai duk wanda ba ya jin Girkanci bar-bar kawai ke fita daga bakinsa. Larabawa ma Ajam suka kira Farisawa, wato wanda maganarsa ba ta fita, daga nan muka samu kalmar ajami, mu ma kuma mun san abin da muke nufi in muka ce wane yana gwaranci, bai kamata mu yi kamar abin a nesa yake ba. Amma bayan yaƙe-yaƙen Farisa kalmar ta tashi daga batun harshe ta koma batun hali, barbaros ya zama mara kamun kai wanda ya dace da bauta.

Wanda ya fi damuna a cikin marubutan wasan nasu, kuma na fi girmamawa, Yuripidis ne. A 431 ya kawo Mediya, mace daga Kolkis, wajen ƙasar Jojiya ta yanzu, wadda ta ci amanar mahaifinta ta bar ƙasarsu saboda wani Bagirke, Jeson, ta haifa masa 'ya'ya, sannan ya yasar da ita don ya auri 'yar sarkin Korinti. Da ta tuhume shi sai ya ce mata ai ita ce ta ci riba, tunda ya fito da ita daga cikin baubayi ta zo Girka ta san doka da adalci. Mutumin da ya karya rantsuwa ke koyar da adalci fa, kuma a gaban jama'ar da shekara ashirin kafin nan, a 451, suka amince da dokar jagoransu Perikilis cewa ba ka zama ɗan ƙasa sai uwarka da ubanka duk 'yan Atina ne, kenan ɗan da baƙuwa irin Mediya ta haifa ba shi da gurbi a garin. Yuripidis bai wanke ta ba, da hannunta ta kashe 'ya'yanta, amma duk maganar da ta fi kaifi a wasan a bakinta ya saka. Na uku ya zo a gasar wasannin bikin, wato na ƙarshe.

Sai 415, ya kawo wasan Matan Turoy, garin da labaransu na dā suka ce Girkawa sun ci da yaƙi. Watanni kaɗan kafin nan sojojin Atina suka ci tsibirin Melos, suka kashe mazan da suka kama suka sayar da mata da yara, kuma mutanen Melos Girkawa ne 'yan'uwansu ba wasu baubayi ba. Ana cikin wannan hali Yuripidis ya jero matan garin da aka ci da yaƙi ana rabon su kamar dabbobi, aka zo aka karɓe ƙaramin ɗan ɗaya daga cikinsu, Andiromaki, za a jefo shi daga kan ganuwa, ta dubi Girkawan ta ce su ne masu ƙirƙiro mugunta irin ta barbaros. Kalmar da suka yi shekaru suna jifan wasu da ita ta dawo kansu, a bikinsu, daga bakin baƙuwa, duk da dai namiji ɗan gari ne sanye da abin rufe fuska ke furta ta, don mata ba sa hawa dandali.

Abin da ke ci min rai shi ne jin maganar bai hana komai ba. A wannan shekarar rundunar jiragen Atina ta tashi zuwa Sisili don cin wani garin, zuwa 413 an murƙushe ta, dubban fursunoni aka zuba su a ramukan fasa dutse na Sirakus, garin da suka je ci, suna mutuwa da rana da ƙishirwa. Marubucin tarihi Fulutak ya ruwaito cewa wasu daga cikin waɗanda aka bautar sun samu 'yancinsu ne saboda sun haddace baitocin Yuripidis suna rera wa iyayengijinsu, kuma da suka koma gida suka je har wurinsa suka yi masa godiya.