Forsyth ba alƙalin yaƙin basasarmu ba ne

Waɗanda muke tare jiya a majalisar Ƙofar Kaura kun ji abin da yaron nan ya faɗa a kan yaƙin Biyafara, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Wai "ai Frederick Forsyth ya rubuta, magana ta ƙare." Ta ƙare a gidan wa?

Ba wanda zai ba ni labarin Forsyth, marubucin nan ɗan Ingila. Ina sakandare na karanta The Day of the Jackal, dare biyu ban runtsa ba. Mutum aljihu wayam ya zauna kwana 35 ya rubuta labarin maharbin da aka ɗauko haya ya kashe Shugaba de Gaulle na Faransa. Ka san de Gaulle ba harsashi ne ajalinsa ba, amma ka kasa ajiye littafin. Wannan baiwa ce, kuma da ya mutu a watan Yunin 2025 yana da shekara 86 wallahi na ji ba daɗi.

To amma gwanin labari daban, mai shaida daban. BBC ce ta turo shi Nijeriya a 1967, ya sauka ɓangaren Biyafara. Da suka saɓa ya ajiye aikin, ya dawo don kansa, ya zauna kusa da Ojukwu, jagoran Biyafara, har suka zama aminai. A 1969 ya fitar da The Biafra Story. Duba sunan ma kawai. A 1982 ya sake rubuta littafi guda a kan Ojukwu, ya sa masa Emeka. Aminin mutum ne fa! A wace kotu ake kawo aminin mai ƙara a ɗora shi kan kujerar alƙali? Sannan a 2015 da bakinsa ya ce ya shafe fiye da shekara 20 yana taimaka wa hukumar leƙen asirin Ingila, MI6, kuma a Biyafara aka fara. Shi bai ɓoye gefen da ya tsaya ba. Kai ne ɗan Katsina kake ɓoye masa.

Na san za a cika mini nan da cewa ai yara sun mutu da yunwa, ai an kashe 'yan ƙabilar Ibo a Arewa a 1966. An yi, ban musa ba, kuma babu mai imanin da zai ga hotunan yaran nan zuciyarsa ba ta karye ba. Ba a nan muke ba. Magana ita ce wanda ya ɗauki ɓangare ba ya yanke hukunci. Mu ma an wayi gari 15 ga Janairu 1966 babu Sardauna, babu Tafawa Ɓalewa, babu Birgediya Maimalari, bayan 'yan kwanaki Hassan Usman Katsina ya karɓi mulkin Arewa tana tafasa. Wannan ciwon wa ya zauna ya ji shi daga bakinmu?

Akwai wani tsohon soja a unguwarmu, da shi aka yi yaƙin tun daga Nsukka, yanzu ido ya tafi. Kullum bayan la'asar yana kan tabarma a ƙofar gida. Shekara nawa ina wucewa, "Baba ina wuni" kawai ke haɗa mu. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je da waya in naɗi muryarsa. Wanda ke da makirufo mai kyau ya ara mini.