Kasuwar Hasashen Ƙwallo a Kan Bulokcen: Wa Zai Faɗi Wanda Ya Ci?

A rumfunan kallon ƙwallo na Garwa da Marwa, in musu ya yi zafi tsakanin mutum biyu, akan yi fare a damƙa kuɗin a hannun na uku, sai a jira usur na ƙarshe. Na ukun nan aiki biyu ne a wuyansa: riƙon kuɗi da faɗin wanda ya ci. Matasanmu masu rubuta manhaja da ke burin gina kasuwar hasashe a kan bulokcen, wato kundin lissafi na intanet da kwamfutoci da yawa ke riƙe da shi tare, suna ganin sun yi sallama da shi ke nan. A ganina rabin aikinsa kawai na'ura za ta iya karɓa, kuma rabin da ya fi sauƙi.

Ga yadda abin yake tafiya. Ana buɗe tambaya: Coton Sport za ta ci wasan Lahadi? A misalta tikiti ɗaya a kan sefa 1,000. Wanda ya zuba 1,000 cikin yarjejeniya mai zartar da kanta, wato manhajar da ke zaune a kan bulokcen, za ta ba shi tikiti biyu, na "E" da na "A'a". Ya riƙe wanda ya yi imani da shi, ya sayar da ɗayan. In ana sayen "E" a 620, "A'a" zai tsaya kusa da 380, ma'ana kasuwa na ganin damar nasara ta kai kashi 62 cikin ɗari. Bayan wasa tikitin da ya dace ya koma 1,000, ɗayan ya zama takardar tsire. Bambancinsa da shagon caca shi ne mutum na iya sayar da tikitinsa ana tsakiyar wasa, kuma abokin cinikinsa ɗan kallo ne irinsa. Shagon da ya sa 1.85 a kowane ɓangare ya riga ya yanki kusan kashi 8 cikin ɗari tun ba a take leda ba. A nan la'ada kaɗan ce ake cirewa. Kamfanin Betfair ya fara irin wannan musaya a Ingila tun shekarar 2000 ba tare da wani bulokcen ba. Manhajar Augur ta kawo ta kan bulokcen na Ethereum a 2018, kasuwar Polymarket ta biyo a 2020 a kan bulokcen na Polygon.

Rubuta wannan ɓangaren ba shi ne tashin hankali ba. Tsarin tikiti mai sharaɗi na kamfanin Gnosis a buɗe yake ga kowa, an daɗe ana aiki da shi, kuma akwai filin gwaji na Amoy a kan Polygon inda ake wasa da kuɗin bogi. Wanda ya iya Solidity, yaren rubuta irin waɗannan yarjejeniyoyi, zai tayar da samfuri cikin 'yan makonni. Abin da zai ci masa kuɗi shi ne biyan ƙwararru su bi rubutun layi-layi kafin a zuba kuɗin jama'a, domin kuskuren da ya hau bulokcen ba ya gogewa da ban haƙuri.

Inda gizo ke saƙa shi ne sakamako. Bulokcen makaho ne, bai san an yi wasa a filin Roumdé Adjia na Garwa ba sai an gaya masa. Hanya biyu ake bi. Ko a jawo sakamakon daga kamfanonin tattara bayanan wasanni ta hanyar sadarwa irin Chainlink, mai shigar wa bulokcen bayanan waje, ko a bi salon UMA, wani tsarin tantance sakamako da Polymarket ke amfani da shi: wani ya kawo sakamako ya ajiye jingina, yawanci dalar Amurka 750 (ta Amurka fa, ba dalar kasuwa mai sefa biyar ba), a ba da awa biyu ko wani zai ƙalubalanta, in rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa masu riƙe da sulallan kirifto (kuɗin intanet) na UMA su kaɗa ƙuri'a. Hanyar farko tana da kyau ga gasar Ingila da Sifaniya, amma wasan ƙaramar gasa da babu kyamara ko ɗaya a filin fa? Ta biyu kuma jinginarta ta haura sefa 400,000. Wane ɗan kallo a Kusiri ne zai kulle wannan kuɗi don ƙwato fare na 2,000? Awa biyun ma sai da wuta da intanet take da amfani, alhali a Cadi an toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 har Yuli 2019. Ƙuri'ar kanta nauyin aljihu take bi. A Maris 2025 an rufe wata kasuwa ta kusan dalar Amurka miliyan 7 a Polymarket da "E" kan yarjejeniyar ma'adinai tsakanin Amurka da Yukren, a lokacin da ba a sa hannu a kan komai ba, kuma ba a mayar wa kowa kuɗinsa ba.

Wani zai ce ai ƙwallo ba siyasa ba ce, ci a bayyane yake. To, a tuna gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a 2022. A Limbe, alƙalin wasa Janny Sikazwe ya hura usur na tashi a minti na 85 tsakanin Tunisiya da Mali, aka dawo, ya sake hurawa kafin minti 90 ya cika. Da aka kira ƙungiyoyin su ƙarasa, Tunisiya ta ƙi fitowa, 1-0 ɗin Mali ya tsaya. A Yawunde kuma, wasan neman na uku, Burkina Faso ta kai 3-0, Kamaru ta farke duka, aka tashi 3-3, ta ci 5-3 a bugun fenariti. Mai tikitin "Kamaru za ta ci" ya ci ko ya faɗi? Sai yadda aka rubuta tambayar. A Maris 2021 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta kori Cadi daga wasannin share fagen gasar, aka ba Namibiya da Mali 3-0 a kan takarda ba a buga ba. Saboda haka kowace kasuwa sai an rubuta mata ƙa'ida tun kafin a buɗe: minti 90 da ƙarin lokacin alƙali kawai ko har fenariti, wace majiya ce hujja, kwana nawa za a jira wasan da aka ɗage kafin a raba kuɗin 500-500, me za a yi in hukuma ta sauya sakamako bayan an biya. Wanda ya rubuta waɗannan layuka shi ne mutum na ukun nan na rumfa, ya dai sauya riga.

Sai maganar jari. Kasuwar da babu mai saye da sayarwa kango ce. Sababbin kasuwanni kan fara da dillali na na'ura, wato manhajar da ke saye da sayarwa da kanta, kuma sanannen lissafinsa shi ne LMSR na Robin Hanson, mai ma'auni guda da ake kira b, wanda ke nuna zurfin jarin kasuwar. In b ya zama sefa 100,000, mutum ɗaya da ya sayi "E" na 50,000 zai tura farashi daga 500 zuwa kusan 700, na bayansa ya tarar da kaya sun yi tsada ya juya. In aka ɗaga b zuwa miliyan ɗaya, sayayyar nan 524 kawai za ta kai farashin, sai dai asarar da mai kasuwa zai iya tafkawa ta tashi daga 69,300 zuwa 693,000 a wasa ɗaya. A jera wasa goma a ƙarshen mako, an doshi miliyan bakwai. Kuma asarar ba ta ƙaddara ba ce, akwai masu farautarta. Wanda ke zaune a filin wasa yana ganin ƙwallo a raga daƙiƙu da dama kafin hoton ya iso waya, ya kwashe tikiti a tsohon farashi. Maganinsa jinkirta kowace oda da 'yan daƙiƙu ana cikin wasa, da soke duk tayin da ke ƙasa da zarar an take leda. Polymarket ma ta bar dillalin na'ura ta koma littafin tayi, inda ake haɗa mai saye da mai sayarwa a kan kwamfutocin kamfani, biya kaɗai ke hawa bulokcen. Ga ƙananan wasanni kuwa, inda abin da ɗan wasa ke samu bai taka kara ya karya ba, kasuwar da ke ba kowa damar cin kuɗi da faɗuwar ƙungiya gayyatar sayar da wasa ce, musamman da yake lalitar kirifto ba ta ɗauke da sunan mai ita.

Ƙofar shiga ma a ƙuntace take. Kuɗin mutanenmu yana cikin MTN MoMo da Orange Money, a Cadi Airtel Money da Moov Money, kasuwar kuwa USDC take ci, wato sulallan kirifto da aka ɗaure da dalar Amurka ɗaya. A Mayu 2022 COBAC, mai sa ido kan bankunan yankin CEMAC na ƙasashen tsakiyar Afirka masu sefa, ta hana bankuna da cibiyoyin ba da ƙananan rance da kamfanonin biyan kuɗi taɓa kirifto. Abin da ya rage shi ne 'yan canji na waya, kowa da farashinsa, a yanka wajen shiga a yanka wajen fita, har ragin la'adar da aka yi taƙama da shi ya narke. Sefa kuma da yuro aka ɗaure ta, sefa 655.957 a yuro ɗaya, don haka mai riƙe da USDC na iya cin fare ya yi asara a canji in dalar Amurka ta sauka. Shi kansa USDC ɗin ya taɓa zamewa ƙasa da santi 90 a Maris 2023, lokacin da bankin Silicon Valley ya durƙushe.

Hukuma ba ta ruɗuwa da sabon suna. Kamaru na da dokar 2015 kan wasannin kuɗi da na sa'a, kuma izini daga ma'aikatar harkokin cikin gida yake fitowa. A Amurka hukumar CFTC mai sa ido kan kasuwannin hada-hada ta ci Polymarket tarar dala miliyan 1.4 a Janairu 2022, a ƙarshen 2024 kuma aka rufe wa mazauna Faransa ƙofar ciniki. Manhajar ba ta da adireshi, amma wanda ya buɗe shafin, ya rubuta tambayoyin, yake karɓar la'ada, yana da gida a unguwa. Unguwar kuma ta san aya ta 90 a Suratul Ma'ida. Kiran abin "ciniki" ko "hannun jari" bai sauya cewa kuɗin Audu ne ke komawa aljihun Tanko saboda ƙwallo ta shiga raga ba, kuma ban ga malamin da zai kira wannan da wani suna ban da caca ba.

Wanda hannunsa ke ƙaiƙayin gini, ya gina a filin Amoy da maki marasa darajar kuɗi, ya buɗe wasannin Elite One, babbar gasar Kamaru, na kaka guda. Ya riƙa rubuta abu uku: wasa nawa aka ɗage ko aka sauya wa fili, awa nawa ake ɗauka kafin majiya biyu su yi daidai a kan sakamako, da maki nawa dillalin na'ura ya zubar kowane mako.