Idan na'ura ta ce ba ta san ka ba, wa za ka kai wa ƙara?

Tun da aka gabatar da tsarin ƙasa na ƙirƙirarriyar basira (AI) a Yawunde, babban birnin Kamaru, cikin watan Yulin 2025, duk wanda ya riƙe makirfo a kan fasahar AI sai ya rantse cewa ɗan Adam ne a gaba. Tsohuwar waƙa ce. Ƙasashe 193 sun rera ta a UNESCO a 2021, Tarayyar Afirka ta maimaita a Akara a Yulin 2024. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yanzu babu wanda ya faɗa mana wane mutum ake nufi. Wanda suke hange yana da katin ɗan ƙasa da lambar waya da sunansa, yana jin Faransanci, kuma wutar unguwarsu ba ta ɗaukewa. Ku nuna mini shi a Mokolo ko Yagwa, can arewacin Kamaru.

Na'ura ba ta san kowa ba sai wanda aka rubuta mata. To, dubi yadda aka rubuta mu. Mutum ɗaya, a takardar haihuwa Mohamadou, a katin zaɓe Mouhamadou, a rajistar layin waya Mahamat, domin kowane akawu da yadda kunnensa ya ji. Ranar haihuwar babansa kuwa ƙiyasi ce aka yi da ido. Kowace shekara, idan jarrabawar gama firamare ta matso, ana ganin iyaye a jihar Arewa Mai Nisa suna zarya tsakanin makaranta da kotu saboda yara ba su da takardar haihuwa kwata-kwata. Manomin da fartanya ta goge masa zanen yatsu ya ɗora hannu a kan gilashi sau biyar, na'ura ta ƙi karɓa. A yau akwai ma'aikaci a bayan tebur da zai dube shi ya ce, "Baba, zauna, bari mu sake gwadawa," ko ya kira mai unguwa ya shaida shi. Ranar da aka miƙa wa manhaja zaɓen wanda zai samu tallafi, ko bashin taki, ko wanda za a tsare a shingen bincike, wannan ma'aikacin zai ɗaga kafaɗa ya ce kwamfuta ce ta ƙi.

Masu cewa mu fara kafa fasahar tukuna, gyaran ɗa'a ya biyo baya, ba su taɓa tsayawa a layin ba. Su tambayi Holan. Can hukumar haraji ta yi amfani da manhajar da ke auna wanda ake zargi da zamba a kuɗin tallafin renon yara, kuma masu shaidar zama ɗan ƙasa biyu suka fi faɗawa tarkon. Dubban iyalai aka ɗora wa bashin da ba su ci ba, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Ƙasa ce mai kotuna masu aiki da 'yan jarida masu haƙori, duk da haka sai da aka shafe shekaru kafin a saurari waɗanda aka zalunta. Mu da Bahaushe ko Bafulatani ko Kanuri ke ƙetara gadar Kuseri zuwa Njamena, babban birnin Cadi, ya dawo a yini guda, wa kuke tsammani manhaja za ta fara yi wa kallon baƙo?

Sannan ga batun inda bayanan suke zuwa. A sansanin Minawawo da ke jihar Arewa Mai Nisa, wanda aka buɗe a 2013, 'yan gudun hijira na ba da zanen yatsunsu domin samun abinci. Mai yunwa ba ya cewa a'a. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta bayyana yadda bayanan 'yan gudun hijirar ƙabilar Rohingya da aka tattara a Bangaladesh suka kai hannun gwamnatin Myanmar da suka guje wa. Wanda ya ce hakan ba zai yiwu a nan ba, sai ya kawo mana dalili.

Za a ce ai Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane a Disambar 2024, Cadi ma tana da tata tun 2015. Madalla. Cadin nan dai ita ce ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 alhali dokar tana nan a aljihun tebur.

Abin da nake nema bai kai girman taron Yawunde ba. Duk hukuncin da na'ura ta yanke a kan abinci, magani, kuɗi ko 'yancin mutum, a samu ɗan Adam mai suna da ofis a Garwa, Marwa ko Ngaundere wanda ke da ikon soke shi, ya kuma yi bayani da Hausa, Fulatanci ko Larabcin Shuwa. A rubuta wannan cikin kowace kwangila kafin a sa hannu. Kamfanin da ya ce hakan zai ci masa riba, ya naɗe kayansa ya kai wata kasuwar.