Oradour ta san sunayen matattunta, Konni fa?

Shekarata shida a birnin Limoges na Faransa ina tuƙin motar kaya, amma sai bana na taka ƙafa Oradour-sur-Glane, ƙauyen da bai fi kilomita 25 daga gidana ba. Tun da na dawo abin ke cina a rai.

Ranar 10 ga Yuni 1944 sojojin Hitler suka yi wa ƙauyen ƙawanya. Maza aka kora cikin rumbuna da gareji aka buɗe musu wuta. Mata da yara aka kulle a coci aka cinna wuta, mace ɗaya tak ta tsira ta taga. Rai 643, fiye da 200 yara ne. Janar de Gaulle ya ce a bar kangon yadda yake, kuma haka yake har yau. Na tsaya gaban wani gida marar rufi, ga keken ɗinki duk tsatsa a bakin taga, irin wanda innata ke ɗinka mana kayan Sallah da shi. A jikin bango an kafa ɗan allo mai sunan mai gida da sana'arsa. Cikin cocin kuwa ga ƙararrawa da ta narke, ga ƙarfen keken jariri ya lanƙwashe. Na yi hawaye, don rai rai ne ko na wane ne.

Sai dai ina tsaye a wurin, zuciyata tana Birnin Konni, mahaifata. A watan Mayu 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ya faɗa wa birnin a hanyarsa ta zuwa Tafkin Chadi. Kafin nan sun gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A Konni sun kashe dubbai, sun ƙone gari, sun kwashi mata. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce ta ji daga tata kakar cewa sai da rijiyoyi suka ƙi shayuwa saboda gawa. Mu muna yara mun ɗauka tatsuniya ce. Ashe Kanar Klobb, wanda Faransa ta tura ya bi sawunsu, ya rubuta irin wannan da hannunsa: garuruwa sun zama toka, an rataye 'yan mata ƙanana a itatuwa. Shi ma Klobb ɗin, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu baƙar fata suka juya suka kashe Voulet da Chanoine a wajejen Maijirgi. Binciken da aka buɗe a Paris rufe shi aka yi, aka ce wai zafin Afirka ne ya taɓa musu hankali. Ƙasar da suka share wa hanya kuwa ba a mayar ba.

A 1999 Shugaba Chirac ya buɗe gidan tarihin Oradour, shekara 100 cif da ƙona Konni. A 2013 shugaban Jamus ya zo da kansa ya tsaya cikin cocin nan tare da shugaban Faransa. Mu har yau ko "ku yi haƙuri" ba mu ji ba. Wanda ya san zafin ƙuna a jikinsa bai kamata ya kau da kai daga wanda ya ƙona ba.

Amma in za a faɗi gaskiya, mu ma da namu sakacin. Mun samu mulkin kai tun 1960. A makarantar boko na haddace sunan Voulet da Chanoine, ban taɓa jin sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe ba. Kabarinsu na nan a Maijirgi an san wurin, kakanninmu kuwa sai dai a ce "mutanen da". Mutanen Oradour ba Jamus suka jira ta ƙirga musu gawa ba. Su suka bi gida gida, suna bayan suna, har a 'yan shekarun nan aka gano wata tsohuwa 'yar Sifen da aka tsallake, adadin ya tashi daga 642 zuwa 643.

Jiya na kira Kawu, shi kaɗai ya rage a tsaran mahaifina. Na ce, "Kawu, wa aka kashe mana a gidanmu zamanin Nasaran nan?" Ya yi shiru, sannan ya ambaci sunaye uku, ya ce na huɗun ya kwanta masa, in bari sai ya tambayi yayarsa a ƙauye. Na rubuta ukun a bayan takardar lodi.